Na tsaya a 599

Wata uku ke nan, amma har yanzu idan na ga lambar nan 4,294,967,297 sai in ji raina ya ɓaci. Lamba ce da ake samu idan an jera 2 guda 32 an ninka su, sannan a ƙara 1. Ni na kawo wa 'yan aji biyar ita, na ce mu gano ko tana cikin lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu.

Na farko-farkon ba su ba ni wahala ba. Mara ce, ba cika ba, kuma da 7 ta ƙare, don haka 2 da 5 sun fita. Jimlar alƙalumanta 59, ke nan 3 ma ta fita. Daga nan na koma kan kalkuleta. Dare uku ina zaune a tsakar gidanmu a Gwammaja, ga zafin bazara, ga fitilar waya a kan littafi, ina gwada 7, 11, 13, ina rubuta saura. Lamba 109 na gwada, har 599, duk irin waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wai ba za ka kwanta ba ne?" Na rufe littafin na ce ai magana ta ƙare.

Abin da ya ruɗe ni 'yan uwanta ne. 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk tsarinsu ɗaya da ita, wato a jera 2 guda 1, 2, 4, 8 ko 16 a ninka su a ƙara 1, kuma babu wadda ke rabuwa. Sai na ɗauka ta shida ma haka take. Na tsaya gaban allo na faɗa da baki cike, yara suka rubuta.

Ranar Litinin wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, don Allah a gwada 641." Na danna a gabansu. 6,700,417 ya fito cif, babu saura. Ajin ya yi tsit. Tsakanin 599 da 641 lambobi shida ne kacal suka rage in gwada: 601, 607, 613, 617, 619, 631. Aikin da bai kai minti goma ba.

Amma ba gajiyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Ko da na wuce 641 ban samu komai ba, ba ni da hurumin yanke hukunci sai na kai 65,536, domin nan ne iyakar gwajin, tunda ita ce idan aka ninka ta da kanta aka ƙara 1 take ba da lambar, kuma lambobin da ba sa rabuwa 6,542 ne a ƙasa da ita. Na san wannan ƙa'ida, ni nake koyar da ita, na take ta.

Daga baya na karanta cewa Fermat, masanin nan na Faransa, ya yi irin wannan zato tun wajen 1640, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya fito da 641. Euler ya nuna cewa duk mai raba wannan lamba dole idan an cire mata 1 ta rabu da 64. Da na bi wannan hanya, 193, 257, 449, 577 zan gwada, ta biyar ita ce 641. Gwaji biyar a maimakon dare uku.

Washegari na sa kowa ya buɗe littafinsa ya soke abin da na ba su, na kira yarinyar ta fito ta rubuta 641 × 6,700,417 a kan allo da hannunta. Littafin nawa yana nan a aljihun tebur, shafin ƙarshe ya tsaya a 599.