Akwatin Umaru Dikko ya biyo ni har Ingila

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Essex akwai wani dattijon Bature da nake yi wa aski. Ranar da ya ji daga Najeriya nake, sai ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya ce, "Au, ku ne masu aika ministanku gida a cikin akwati!" A gaban abokan aikina kuwa. Na yi yaƙe, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sure Alhaji Umaru Dikko, ministan sufurin Shagari, a ƙofar gidansa da ke Bayswater a Landan, inda ya fake bayan sojoji sun karɓi mulki suna nemansa bisa zargin satar dukiyar ƙasa. Aka yi masa allurar barci, aka cusa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila mai lura da numfashinsa, aka nufi filin jirgin Stansted, nan kusa da mu, inda jirgin kaya na Nigeria Airways yake jira. Sakatariyarsa ce ta ga lokacin da aka ɗauke shi, ta kira 'yan sanda. Akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci, sai 'yan kwastam suka buɗe. An ɗaure Isra'ilawa uku da wani manjo ɗan Najeriya. Gwamnatin Buhari ta ce babu hannunta.

Da daddare na kira Baba a Zariya don in huce. Ashe na tono tsohon ɗan PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano ta 'yan adawa a zamanin Shagari.

"Yo in ba haka ba, Turawan za su miƙa shi ne? Kai ba a haife ka ba lokacin layin shinkafa."

Na ce, "Baba, zargi daban, hukunci daban. In ƙasa tana neman mutum, takarda take aikawa, alƙalin can ya duba hujja, mutumin ya kare kansa, sannan a miƙa shi ko a hana. Amma hukuma ta tura mutanenta ƙasar wasu su ɗauke shi ba tare da kotu ta sani ba, wannan satar mutum ce, ko da tambarin gwamnati a jiki."

Ya ce, "Su Amurkan da suka cika Guwantanamo da Musulmi, wace kotu suka tambaya?"

Nan kam ya kama ni. A 2003 'yan CIA sun sace wani limami ɗan Masar, Abu Umar, a kan titi a Milan, suka kai shi Masar, daga baya kotun Italiya ta yanke musu hukunci ba sa nan. Mu ma ba mu daina ba, don Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2022 yadda aka kwaso Nnamdi Kanu daga Kenya ya saɓa doka. Na so in faɗa wa Baba wannan, sai na ji numfashinsa yana sama-sama, ga hawan jini.

Inna ta karɓe wayar. "Kai da mahaifinka ba ku da hira sai siyasa? Tun Laraba maganinsa ya ƙare, shi kuma ba zai faɗa maka ba." Ta ce an sa ranar Hadiza bayan babbar salla, kayan ɗaki ko gado ba a saya ba, kuma Kawu yana ta tambaya ko zan zo ɗaurin aure. Na ce mata sai na ga yadda hutu zai yiwu, kuɗin magani dai zan turo ranar Juma'a in Allah ya kai mu.