Yadda Na Sayi Gidana na Farko a Kano

Na shafe shekara 11 ina zaman haya a Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci ina ɗauka cewa kuɗi ne kaɗai ke tsakanina da mallakar gida. Sai da kuɗin suka haɗu na shiga hannun dillalai, sannan na gane cewa tambayar da ta fi wahalar amsawa ita ce wane ne yake da ikon sayar da gidan da ake nuna mini, kuma wace takarda ce za ta tsaya mini idan wani ya taso da magana bayan an biya.

Kuɗin sun fito ne daga wurare uku: adashen da muke yi a wurin aiki, rancen ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata wanda ake cira daga albashi, da wani filin awon igiya da na saya tun ina saurayi a bayan gari, na sayar da shi da lokaci ya yi. Kuskurena na farko shi ne barin mafi yawan tarin da na yi a asusun banki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo, gidaje suka bi su, har kuɗin da a da suka kusa isa ga gida mai ɗaki uku suka koma ba sa kai wa ga mai ɗaki biyu. Filin nan da nake rainawa saboda nisansa shi ne ya riƙe darajarsa.

Kafin na yanke shawara na bincika hanyoyin lamuni. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci dominsa, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke kula da shi. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi zai iya neman rance ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin lokacin da zai iya kai wa shekara 30. Haka nan tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshon ma'aikaci a matsayin kason da zai fara biya. Ni dai maganar kuɗin ruwa ba ta kwanta mini ba, don haka na leƙa bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda tsarin murabaha ke nufin banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar ciniki sananniya, ka biya kashi-kashi. A ƙarshe ban ci bashin banki ba, domin na sa wa kaina ƙa'idar cewa abin da za a riƙa cira kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashina, amma zirga-zirgar ta amfane ni, domin ko'ina na je abin da ake fara tambaya shi ne takardar shaidar mallaka ta gwamnati.

Dalilin haka yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa a birni haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sauya shi zuwa hannun wani yana buƙatar amincewar gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da daraja a wurin sasanta rigimar maƙwabta, amma banki ba ya karɓar ta jingina.

Duk da wannan sani, na kusa faɗawa rami. Wani dillali ya kai ni gida mai faɗin tsakar gida da rijiya, farashinsa kuma ƙasa da na tsararsa, ya ce masu shi na cikin matsi ne. Na ba da kafin alƙalami naira dubu 500 a ranar, ba tare da na tambayi kowa ba. Da na je gaida mai unguwa na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ne zan sayi gidan marigayi," sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, an raba gadon kuwa?" Ashe ba a raba ba. Babban ɗa ne ya sa gidan a kasuwa, alhali akwai ƙanwarsu da ke aure a wani gari wadda ba ta ma san ana ciniki ba, ga kuma marayu biyu da ba su balaga ba. Sai da na yi wata 7 ina sintiri kafin kuɗina suka dawo gutsure-gutsure, abin da dillalin ya riga ya karɓa kuwa har yau ban gan shi ba. Gidan gado ana sayensa lafiya, amma sai an ga takardar rabo daga kotu, kuma kowane magaji ko wakilinsa na shari'a ya sa hannu a gaban shaidu.

A ciniki na biyu na ɗauki lauya tun kafin a yi maganar farashi. Shi ya nemi bincike a hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a Kano, aka tabbatar da cewa sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan ga kowa ba. Ni kuma na koma unguwar a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, na duba inda ruwan kwata ke bi da alamar danshi a gindin bango, na kuma zauna da masu shago na ji yadda wuta da tsaro suke. Kuɗin na tura su ne ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan takardar, ban miƙa wa dillali ko sisi daga farashin gidan ba.

Abin da ban yi wa tanadi yadda ya kamata ba shi ne kuɗaɗen da ke biyo bayan farashi: la'adar dillalai, ladan lauya, kuɗin hatimi da rajista, kuɗin neman amincewar gwamna, da gyaran rufin da ke yoyo a ɗaki ɗaya. Waɗannan sun tilasta mini jinkirta tarewa wata 4, na biya ƙarin haya a gidan da nake shirin bari. Yanzu mun tare, takardun sauya suna sun fito, kuma saura wata 14 ƙungiya ta gama cirar bashinta daga albashina.