Yadda muka gyara ɗakin karatu irin na Gotik a karkarar Ingila

Ni kafinta ne, kuma aikin da ya fi koya mini haƙuri tun da na zo Ingila shi ne gyaran ɗakin karatu a wani tsohon gidan attajirai na karkara. Maigidan yana so a mayar da ɗakin yadda yake a zamanin Sarauniya Biktoriya, wato salon ginin da ake kira Gotik: ƙofofi da tagogi masu tsinin kai irin na tsofaffin majami'u, kantocin littattafai na katakon oak, da rufi mai zanen haƙarƙari.

Kafin mu taɓa ƙusa ɗaya sai da ƙaramar hukuma ta ba da izini, domin gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Lokacin jiran ne ogana ya ce in je in ga asalin abin da idona.

Na fara da Strawberry Hill a Twickenham, gidan da marubuci Horace Walpole ya soma mayarwa salon Gotik wajen 1749. Rufin babban zaurensa an kwaikwayo shi ne daga ɗakin ibadar Henry na Bakwai da ke majami'ar Westminster Abbey, amma ba dutse ba ne, takarda ce da aka jiƙa aka matse aka shafa mata ruwan zinariya. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ni da na girma ina kallon bakan gini na azara da ƙasa a Zariya, wanda da gaske yake ɗauke da rufi, zuciyata ta fi kwanciya da ra'ayin Augustus Pugin, masanin zanen gine-gine. A 1841 ya rubuta cewa ado ya kamata ya fito daga jikin ginin kansa, ba a manna shi daga baya ba. Falon da ya ƙawata a 1849 a wani katafaren gida mai suna Eastnor Castle ya nuna mini abin da yake nufi: ja, shuɗi da zinariya ko'ina, babu duhun da mutane ke zato in an ce Gotik.

Da muka dawo bakin aiki, wannan ya shiga hannuna. Kowace baka mai tsini da kamfas muka zana ta, da'ira biyu masu haɗuwa a sama, domin ido yana gane karkata ko ta kaurin farce ce. Haɗin katako kuwa da turaku na itace muka yi shi, muka bar kawunansu a fili. Bangon ma da farar ƙasa aka yaɓe shi maimakon siminti, saboda tsohon bango a ƙasar ruwan sama yana bukatar fitar da danshi, in an toshe shi katakon da ke jingine da shi ne zai ruɓe.

Inda muka yi gardama da maigidan shi ne fenti. Ya so launin toka na zamani, ogana ya kankare wani lungu a hankali har kore mai duhu na asali ya bayyana a ƙarƙashin shafe-shafen baya. Shi muka kai aka haɗa mana irinsa.