Kada ku jefar da tsiron da kuka yanke

Ƙannena masu shigowa aikin asibiti, akwai wata sankarar fata da ke tasowa daga 'yan hanyoyin da gumi ke bi ya fito, ana kiranta porokasinoma. Ba kasafai ake ganinta ba, wani har ya yi ritaya bai haɗu da ita ba. Sai a 1963 Pinkus da Mehregan suka fara bayaninta. Ta fi kama 'yan sittin zuwa sama, kuma ta fi son ƙafa, kai da wuya.

Abin da ke yaudarar mutum, ba ta da kamar abin tsoro. Ɗan tsiro ne ja-ja, wando ya goge shi ya tsattsafo da jini. Wani tsiron yakan yi shekara da shekaru lafiya lau kafin ya rikiɗe ya zama sankara.

Irinsa wani dattijo ya kawo mini a ƙwauri. Na yanke, na ɗinke, na jefar da naman, wai don in rage wa baba kuɗin gwaji. Matsematsinsa ma ban laluba ba. Ranar da ya dawo, tsiron ya sake fitowa a kan tabon, ga kaluluwa mai tauri kamar tsakuwa, ba ta ko zafi. Tausayin nan nawa shi ya cuce shi.

Ga yadda ciwon ke tafiya: kusan ɗaya cikin biyar yakan dawo inda aka yanke, kusan ɗaya cikin biyar yakan kai kaluluwa, kimanin ɗaya cikin goma kuma ya wuce huhu, hanta ko ƙashi. Idan aka cire shi kaf tun yana fata, yawanci ana warkewa. In ya shiga kaluluwa kuwa, lissafi ya canza, wasu rahotanni sun nuna kusan biyu cikin uku ba sa tsira.

Don haka duk abin da kuka yanke daga jikin tsoho, ku tura ɗakin gwaji, ko da kun rantse ba komai ba ne. In sakamako ya fito, kada ku tsaya ga sunan ciwon kawai. Ku duba zurfinsa, domin wanda ya wuce milimita 7 ya fi haɗari, haka wanda ya kutsa jijiyoyi. Ku duba ko gefen yankan ya fita tas, wato babu ragowar ciwon a jikinsa, in bai fita ba a koma tiyata. Kuma duk zuwan da mara lafiyan zai yi bayan haka, ku sa hannu ku laluba matsematsi, hammata da wuya kafin ku sallame shi.