Maki Uku, da Lallen da Ya Tona Min Asiri

37 na samu a CHM 101, kwas ɗin kemistiri na shekarar farko a jami'a. Da 20 na samu ko 15, da sai in ce kwas ɗin ne ya fi ƙarfina, in haƙura. Amma 37, alhali 40 ake nema a tsira. Yanzu shekara biyu ke nan, na maimaita kwas ɗin har na ci B, amma har gobe in na ga 37, ko a lambar Keke Napep ce, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Ranar farko Malam ya shigo da wata takarda shafi biyu, ya miƙa wa wakilin aji ya ce kowa ya yi fotokwafi. Na biya kuɗina na karɓa, na ninke ta huɗu, na cusa a bayan littafi. Zauren ya cika maƙil, wasu a kan taga, lasifika tana shaƙewa, ni ina can baya daf da ƙofa. Ya yi kusan minti ashirin yana bayani a kan takardar nan, ni kuwa ina ta hamma, ina jira a fara karatu. Ashe karatun ke nan aka fara.

Ga abin da ke ciki, wanda ban karanta ba sai da aikin gama ya gama. Jarrabawa maki 60. Tes biyu, kowanne 20, an ma rubuta makon da za a yi su. Halartar lakca sai ta kai 75 cikin 100 kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Sai layi na bakwai: wanda ya rasa tes babu na ramuwa, sai in ya kawo takardar asibitin makaranta cikin kwana uku, ko kuma ya nemi izini a rubuce kafin ranar. Kafin ranar! Wannan gutsuren jimlar ita ce ta ci min shekara guda.

Tes na biyu ya faɗo a makon bikin yayata. Uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu ne mata a ɗakinmu, to wa zai tsaya in ba ni ba? Tun ranar Talata na haɗa jakata na tafi gida. Umma har ta tambaye ni, tana ƙulla kayan gara, “Ke, ba ku da wani abu a makarantar ne kika taho tun yanzu?” Na ce mata babu komai, lakca ce kawai, zan kwafa a wurin ƙawata. Ba ƙarya na yi niyyar yi ba, wallahi ban sani ba. Ranar Alhamis muna tsakiyar kamu, wayata tana jaka, aka yi tes aka gama. Sai dare na ga kiran ƙawata har sau shida.

Litinin da safe na nufi ofishin Malam da labarin da na kwana ina tsarawa: zazzaɓi ne ya kwantar da ni, a gida aka yi min allura, shi ya sa babu takarda. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na fara. Bai katse ni ba. Sai da na kai aya ya cire gilashinsa, ya dubi hannuwana da na ɗora a gwiwa. Lalle ne ja da baƙi tun daga farce har gwiwar hannu, ko kwana biyar bai yi ba. Ya ce, “Allah ya sanya alheri. Ƙanwar amarya ce ko ƙawa?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “Ƙanwa ce, Malam. Don Allah a yi haƙuri.”

Ya jawo durowa ya fito da wasiƙu guda uku. Ɗaya ta wani ɗan ajinmu ce da shi ma aka ɗaura auren yayansa a makon, ya rubuto tun sati biyu da suka wuce, aka ba shi rana ya yi nasa tes ɗin. Malam ya ce, “Da kin kawo min layi biyu kafin ki tafi, da ba ki buƙaci zazzaɓi ba.” Shi ke nan. Na yi kuka, na yi roƙo, washegari ma na koma. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, bai kuma canza magana ba. A lokacin na ce mugu ne. Yanzu ba na faɗin haka, sai dai ba zan ɓoye ba, har yau ina ganin da ya ba ni ko aikin gida ne na maki biyar, da babu abin da zai ragu a jikinsa.

To amma in zan faɗi gaskiya, tes na farko ma 9 na samu cikin 20, jarrabawa kuma 28 cikin 60. Wato ko ba biki ina tangal-tangal. Da girman kai na shigo jami'a, don B2 na ci a kemistiri a WAEC, a JAMB ma shi ya ɗaga ni. Yadda na ci su kuwa hadda ce: ma'anar wannan, dokar wancan, sinadarai ashirin na farko a jere kamar karatun allo. Da na ga makonnin farko atom ne da mol (ma'aunin yawan sinadari) da jadawalin sinadarai, sai na ce ai duk mun yi a sakandare. Na rufe littafi. Kafin in farga an wuce dokokin iskar gas, an shiga lissafin zafi da daidaiton sinadarai, kuma kowane ɗaya a kan mol ɗin nan da na raina yake tsaye.

Zan iya rera muku 6.022 × 10²³, wato yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, ko daga barci aka tashe ni. Amma a ce ga giram 5.3 na Na₂CO₃ an narka a ruwa ya zama 250 cm³, nemo ƙarfinsa, sai in tsaya ina tauna biro. Abin kuma ba wani abu ba ne: a raba 5.3 da 106 (nauyin mol ɗaya) a sami mol 0.05, a raba da 0.25 (wato 250 cm³ a dm³) a sami 0.2. Layi biyu. Ban taɓa zama na yi irinsa da hannuna ba, kallon malami nake yana yi a allo ina gyaɗa kai. Gyaɗa kai yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya iya.

Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Tambayoyi biyu na jarrabawar har yanzu suna idona. Ta farko, gas mai 600 cm³ a 27°C aka ɗumama zuwa 127°C, matsi bai canza ba. Na san dokar Charles, na rubuta ta daidai, sannan na zuba 27 da 127 yadda suke, ban ƙara 273 ɗin da ke mayar da su ma'aunin Kelvin ba. Amsa ta fito 2822. Da na mayar da su 300 da 400, 800 ce amsar, ko kalkuleta ba a buƙata. Ta biyu, H₂SO₄ da NaOH. Ban daidaita ikwashan ba, na ɗauka ɗaya da ɗaya ne, alhali mol ɗaya na asid ɗin mol biyu na NaOH yake ci. Amsata ta ninka ta gaskiya. Ko ɗaya daga cikin biyun na samu, da na haye. Ko kuma, in koma inda nake komawa kullum, da na zauna tes ɗin nan na ci ko 3 cikin 20. Uku! Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka ma zai iya samun uku.

Ga masu ganin kari-oba ɗaya, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita, ba komai ba ne, ku yi lissafi. Kwas ɗin yunit 3 ne, ni kuma yunit 18 na yi rajista a zangon. Da C na samu, maki 9 ke nan, in an raba da 18 rabin maki ne cur a GPA, wato matsakaicin makin zango. F kuwa sifili ne, kuma a makarantarmu ba a goge shi ko an sake an ci, yana nan yana jan CGPA, matsakaicin makin duk zanguna, ƙasa. Ban da wannan, shekara ta biyu dole shi za a fara sakawa a rajista, lakcarsa kuma ta ci karo da wani kwas na ajinmu duk ranar Laraba. Haka na riƙa raba kaina. Sai zama cikin sababbin ɗalibai, wata yarinya da na girma a makarantar Islamiyyarmu ta hango ni ta ce, “Lah, Yaya, ke ma a nan kike?” Na ce mata rakiya na yi. Sati na gaba ta sake ganina.

A zagaye na biyu abin da na fara yi shi ne karanta takardar nan, wadda ba ta canza ba sai kwanan wata. Na kwafe ranakun tes a bangon littafina, na sa a waya, na kuma gaya wa Umma, don ita ba ta mantuwa. Na dawo layi na uku daga gaba, wanda sai an yi sammako ake samu. Takardar halarta kuwa da hannuna nake sa hannu. A shekarar farko ƙawata ke sa min wani lokaci, sai daga baya na ga layi na huɗu ya ce in aka kama, mai sawa da wanda aka sa wa duk sun rasa halartar.

Karatun kuma na sauya masa kama gaba ɗaya. Bayan sallar isha'i, tambaya biyar kullum, littafi a rufe. In na kasa sai in duba misali, in rufe, in sake daga farko. Na ware wani ƙaramin littafi na kurakurai kaɗai, shafin farko da manyan baƙaƙe na rubuta 273. Na koyi rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, giram ne ko mol ko dm³, domin in ƙarshen lissafi ya fito da abin da ba shi aka tambaya ba, tun kafin malami ya gani na san na kauce. R ma, lambar da ake sakawa a lissafin gas, kala biyu ne, 8.314 da 0.0821, kuma ma'aunin da ke cikin tambayar ne ke gaya maka wanda za ka ɗauka. Da can wanda ya fara zuwa kaina nake sakawa.

Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma waɗanda ake sayarwa a shagon fotokwafi da amsoshi a baya, a yi hattara. Na kama amsa uku da ba daidai ba a ciki, kuma ranar da na fara kamawa ce na san na fara iyawa. Tutoriyal ɗin dare da ake cika aji ana ihu, sau biyu na je na daina. Wani gyaɗa kan ne, an dai canza mai riƙe da alli. Mu uku muka riƙa haɗuwa ranar Asabar a masallacin hostel, kowa ta zo da tambayar da ta gagare ta, wadda ta iya kuma ba za ta karɓi biro ba, da baki za ta yi bayani har mai tambayar ta warware da kanta.

Wani abin mamaki, a lab mol ya zauna min a kai. Ina tsaye da farar riga, na cusa hijabina ciki kamar yadda doka ta ce, ina sakin asid H₂SO₄ ɗigo-ɗigo daga biyuret, wato dogon bututun gilashi mai awo, cikin 25 cm³ na NaOH. Ruwan hoda ne saboda fenolftalin, sinadarin da ke nuna canji da launi, sai ɗigo ɗaya tak ya mayar da shi garau. Na duba, 12.5 ne, rabin abin da ke cikin kwalbar. A nan na ga biyu-da-ɗayan da ya kayar da ni, da idona, ba a takarda ba.

Tes na farko 15, na biyu 14, jarrabawa 37. Eh, 37 ɗin ce dai ta sake biyo ni, amma wannan karon cikin 60. Jimla 66.

Bana an sa bikin ɗiyar kawuna a mako na takwas. Tun ranar da aka kawo goron sa rana na fito da takardun kwasa-kwasaina guda bakwai na baje a kan katifa ina bi layi-layi. Ɗaya ya ci karo. Wasiƙar tana ofishin malamin tun wata guda kafin bikin, na kuma sa sakatariya ta buga min hatimi a kwafina. Lalle kuwa na ce wa mai yi ta tsaya a yatsu.