Yadda na gina dutsen Landwasser a kan tebur

Gadar Landwasser da ke kusa da garin Filisur a ƙasar Suwizalan ce ta ja ni cikin wannan aiki na ƙera ƙaramin samfurin layin dogo. An kammala ta a 1902, tsayinta daga ƙasa zuwa sama mita 65, kuma da zarar jirgin ƙasa ya gama haye ta sai ya shige rami a jikin dutse kai tsaye. A ma'aunin HO, inda ake rage komai sau 87, gadar kaɗai tana kusan kai santimita 75, shi ya sa na gajarta dutsen, in ba haka ba sai ya taɓo silin.

Da katako da ragar waya na ɗaura ƙashin dutsen, na cusa tsofaffin jaridu a ciki, na lulluɓe da tsumman da na tsoma a POP. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓa shi, domin a zafin nan namu kafin ka juya ya daskare a kwano. Don samun tsagar dutse kuwa, takardar alminiyam na cukuikuye, na buɗe ta, na zuba POP a ciki, ya fara kamawa na manna a jikin dutsen.

Fenti ne ya fi ɗaukar hankalina. Dutse ba toka-toka ba ne kawai. Duba hoton wurin da kyau za ka ga ruwan ƙasa, da ɗorawa-ɗorawa, da baƙin zane inda ruwa ke gangarowa. Sai na tsinka fentin da ruwa sosai har ya koma kamar ruwan shayi, ina ɗiga shi daga sama yana bin tsaga da kansa. Launi mai haske na fara sawa, na bar shi ya bushe, sannan mai duhu, saboda POP yana shan launi kuma abin da ya sha ba ya fita. Daga ƙarshe na ɗebo farin fenti a busasshen burushi, na goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, na shafa sama-sama a kan gefunan da suka turo. Nan take dutsen ya fito, har na ji daɗi a raina.

Ciyawa dusar katako ce da na rina kore na watsa a kan farin gam. Bishiyoyin sama na yi su ƙanana fiye da na ƙasa don ido ya ga nisa. A bayan dutsen kuma na bar ƙofar da hannu zai shiga, don ciro tarago idan ya sauka daga layi a cikin ramin, da kuma goge ƙurar hunturu daga kan dogo.