Kwana 24 da faɗuwa

Talata, Unguwar Rimi, Kaduna.

Tun kafin kiran sallar farko kafaɗar ta tashe ni. Hunturu ya sauka sosai a makon nan, kuma da sanyin asuba ya ratsa ɗaki sai in ji kamar an ɗaure mini ita da waya ana ja. Har yanzu a jingine nake barci, filo uku a baya, ƙarami ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannu. Uwargida ta ji motsina, ta tashi ta ɗora ruwa, ta jiƙa tawul ta matse ta ɗora mini. Sai da zafin ya shiga sannan na iya saukowa daga gado.

Kwana 24 ke nan yau. Ranar wata Asabar ce, mu huɗu muka tsallake kogi da kekunanmu muka bi hanyoyin ƙafa da ke bayan Millennium City, wajen Danbushiya, inda jar ƙasa da tsakuwa da 'yan tuddai suke. A wata gangara da na sha bi, ruwan damina ya ci ƙasa ya bar kwari a tsakiya. Na hango shi a makare, na damƙi birkin gaba da ƙarfi, tayar ta cije a ramin, keken ya ɗaga ta baya ya wurgo ni ta saman kansa. Na miƙa hannun dama don in tare ƙasa. Ƙarar da na ji a kafaɗata har yau tana kunnena. Hular kwano ta tsage ta gefe, kaina kuwa ko ƙwarzane babu, alhamdu lillahi.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, gocewa ce: kan ƙashin damtse ya fito daga mazauninsa ya zamo gaba. Likita ya shafa gefen damtsena da yatsa ya tambaye ni ko ina ji, don akwai jijiyar da ke bi ta wurin wadda gocewa kan taɓa. Aka yi mini allura, aka mayar, aka sake hoto, aka rataye hannun a ƙirji. Sati uku na yi da maratayin nan, ranar Asabar da ta wuce aka ce in ajiye shi.

Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan shi ne hannun dama ne. Cin tuwo da hagu, karɓar canji da hagu kana ba da haƙuri, mutum ya miƙo hannu a masallaci ka ce masa ya yi maka uzuri. Alwala sai an zuba mini ruwa. Sujada kuwa ba ta yiwuwa, domin hannun ba ya ɗaukar nauyi, sai a kujera nake salla. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Na san rangwame ne daga Allah. Amma ina kewar goshina ya taɓa ƙasa, kewa mai tsanani.

Ƙarfe goma nake da layi wajen gashin ƙashi. Na hau Napep, na roƙi direba ya bi a hankali, duk da haka kowane rami sai na ji shi har haƙori.

Mai gashin ƙashin mutum ne mai haƙuri, ba ya gajiya da bayani. Yau ya ɗauko ƙwallo da ɗan faranti ya nuna mini yadda kafaɗa take. Ramin da kan ƙashin ke zama a ciki ba shi da zurfi, ba kamar na ƙugu ba, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi yawan gocewa. Abin da ke riƙe ta tsokoki huɗu ne da suka kewaye ta, da jijiyoyin da suka ɗame wurin. Nawa sun miƙe sun saki ranar faɗuwar, sati ukun da hannun ya yi a rataye kuma ya sa sun yi laushi. Ya ce wanda ya taɓa gocewa, musamman matashi, yana da saurin sake gocewa in bai ƙarfafa tsokokin nan ba. Wanda kuma ya ji tsoro ya ƙi motsa hannun, kafaɗar sai ta sandare masa, a yi watanni ana fama.

Ya sa na sunkuya na dafa tebur da hagu, na saki hannun dama yana lilo, gaba da baya, sannan kewaye. Daga nan ya ba ni sanda, hannun hagu yana tura na dama sama. Na ƙarshe shi ne hawan bango: in fuskanci bango, yatsuna su riƙa tafiya sama kaɗan-kaɗan kamar gizo-gizo. Da na kai daidai haɓata sai zafin ya soke ni, gumi ya karyo mini duk da sanyin nan. Ya ce, "Tsaya nan, Malam. Ja numfashi. Kada ka ɗaga kafaɗar zuwa kunne, bar ta ta sauka." Na ƙirga goma, yatsun suka ƙara kamar faɗin yatsa biyu. Ya hana ni abu ɗaya ƙwarai: ɗaga hannu gefe tare da juya shi baya, irin na mai shirin jifa, domin a haka kafaɗa ke fita.

Na tambaye shi keke fa? Ya ce kada in sa rai kafin wata uku, shi ma a kan kwalta, daji kuwa sai ya gwada ƙarfin hannun ya gamsu. Ban ce komai ba, amma maganar ta yi mini nauyi. Da rani ne hanyoyin nan suke bushewa su yi daɗin bi, ga shi zai wuce ina gida.

Bayan azahar Kawu ya zo dubiya daga Tudun Wada. Tun ranar farko yake so a kai ni wajen wani mai ɗori da ya ɗora masa ƙafa shekarun baya. Yau ma ya sake: "Ɗana, wannan lilo da hannu har yaushe? A ja a ɗaure, a shafa magani, sati biyu ka warke." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ƙashin yana mazauninsa, hoto ya nuna. Naman da ke riƙe shi ne ya rage, shi kuma ja zai ƙara ɓata shi." Ya yi shiru, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tofa mini addu'a a kafaɗar. Ƙauna ce ta sa yake nacewa, kuma na ji daɗin addu'ar har raina.

Da zai fita ya tsaya a zaure yana kallon keken. Yana nan jingine yadda abokaina suka kawo shi, kansa a karkace, jar ƙasa ta bushe a kan kaca. Ya ce in sayar. Na ce masa zan yi tunani, amma na san ba zan sayar ba.

Da magariba na tsaya zan tayar da salla kafin in zauna a kujera. Na ɗaga hannuwa don kabbara ba tare da na yi tunanin kafaɗar ba, sai na ga na daman ya zo daidai da na hagu, har saitin kafaɗa. Kwana 24 rabonsa da zuwa nan. Akwai zafi, amma ya zo. Na karanta Fatiha murya tana rawa.

Bayan isha'i na sake hawan bango a falo. 'Yata ta ɗauko fensirinta na makaranta ta hau kujera, ta ce, "Abba, tsaya in sa alama." Ta ja layi a inda ɗan yatsana na tsakiya ya tsaya, ta rubuta 24 a gefe. Mahaifiyarta ta buɗe baki za ta yi faɗan ɓata fenti, sai ta fasa. Yarinyar ta ajiye fensirin a kan taga, ta ce kada kowa ya ɗauka, gobe da shi za ta ja na 25.